Zanen intanet, ginin kakanni, ko wanda aka zana wa filinka: wanne zaka gina?

Duk wanda ya mallaki fili yana shirin aza harsashi, gida ne ko makaranta ko masallaci ko ofis, in aka tattara hanyoyin da ke gabansa basu wuce huɗu ba. Ko dai ya ɗauko hoton wani gini da ya burge shi a intanet ya miƙa wa mai zane yace irin wannan sak nake so, ko yace shi na kakanni zai maimaita da kayan aikinsu da komai, ko yayi ginin bulo da siminti irin na kowa sannan ya manna masa ado na gargajiya a fuska, ko kuma ya ƙyale mai zanen ya je filin ya tsaya ya ga inda rana ke faɗuwa da inda iska ke fitowa da inda ruwa ke bi da yadda maƙwabta suke kafin ya ja layi ko ɗaya a takarda. Ni dai in faɗa tun yanzu, na huɗun nake goyon baya, amma ba a kowane hali ba, kuma yana da nasa wahalhalun da masu yaba shi basu cika faɗa ba.

Na farkon, wato zanen da aka ɗauko daga wani wuri, bai kamata a raina shi ba dan akwai dalilin da yasa shi ne yafi yawa a duniya. Yana da sauri, ɗan kwangila ya san shi, birkila ya taɓa yin irinsa sau ba adadi, ana iya ƙiyasta bulo nawa da rodi nawa da buhun siminti nawa tun ba'a fara ba, hukumar da ke bada izinin gini bata cika tsaida shi ba, kuma ranar da kazo sayarwa mai saye ba zai tsaya yana tambayar ka wannan kuma wane irin abu ne ba. Wannan duk gaskiya ne. Matsalar ita ce kowane zane yana tahowa da yanayin ƙasar da aka yi shi a cikinsa, ko ka sani ko baka sani ba. Gidan da aka zana a Jamus ko Kanada mai manyan tagogin gilashi suna kallon kudu, da gangan aka yi haka, dan a can rana tana tafe ne ƙasa-ƙasa ta ɓangaren kudu lokacin sanyi kuma so ake ta shigo ta ɗumama ɗaki. Rufin nan mai tsini sosai da kake gani yana burge ka, saboda dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa ne kar tayi masa nauyi. Ka kwaso wannan ka kawo ƙasa mai zafi, filinka kuma ya zamana fuskarsa yamma take kallo, to gilashin nan tun daga azahar har faɗuwar rana zuƙar zafi yake yana tara maka a falo, gilashi kuwa halinsa kenan, haske ya shiga cikin sauƙi ya zama zafi a jikin tayil da kujeru sannan ya rasa hanyar fita. Daga nan sai labule mai kauri, sai esi babba, sai janareta ko sola da zata ɗauki esin, kaga gidan da ka zaɓa dan yafi sauƙin ginawa ya koma yana karɓar kuɗi a hannunka duk wata har iya rayuwarsa. Rigar aro ce, zata rufe maka jiki amma ba da kai aka auna ba.

Kuma kar a ɗauka ƙananan magina ne kawai ke faɗawa wannan ramin. A Landan akwai wani dogon bene a titin Fenchurch, zanen Rafael Viñoly, wanda fuskarsa ta gilashi ta lanƙwashe ciki tana kallon kudu, a 2013 ana cikin ginin shi sai ya riƙa tattara hasken rana yana haska shi wuri ɗaya a kan titi har ya narkar da wasu sassan wata mota Jaguar da aka ajiye a wajen, dole daga baya aka bi fuskar da abin tare rana. Wannan fa a Landan kenan inda rana bata da wani ƙarfin kirki.

Bayan rana akwai ƙasar kanta. Zanen intanet yana ɗauka kowane fili shimfiɗaɗɗe ne kamar tebur, alhali naka ƙila gangare ne, ko kwari ne da ruwan unguwa gaba ɗaya ke taruwa, ko ƙasar irin mai kumbura da damina ta tsattsage da rani ce. Sai a kawo katafila a baje, a sare bishiyar da ta shekara hamsin tana bada inuwa, a cike hanyar ruwa, ruwan kuma baya mantuwa da hanyarsa, in bai shiga naka ba zai shiga na maƙwabci.

Na biyu shi ne wanda zuciya tafi so, a maimaita ginin da aka gada yadda yake. Kuma kakannin ba wai kara-zube suke gini ba, ɗaruruwan shekaru suka yi suna gwadawa suna gyarawa. A ƙasashe masu zafi da bushewa zaka ga kusan ko ina abu ɗaya suka gano ba tare da sun haɗu ba, bango mai kauri na ƙasa, ƙananan tagogi, tsakar gida, lunguna matsattsu da gini ke yiwa gini inuwa. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yana riƙe zafin rana awanni masu yawa kafin ya ratsa ciki, kafin ya iso dare yayi, waje yayi sanyi, sai ya juya ya fita, da safe kuma bangon ya tashi da sanyin daren yana bawa ɗaki. A Yazd ta Iran suka ƙara da hasumiyoyin kama iska da ke janyo ta daga sama su sauko da ita cikin gida, a Shibam ta Yaman suka ɗaga benaye na tubalin ƙasa hawa biyar har zuwa goma da wani abu. A ƙasashe masu zafi da laima kuma irin Malesiya akasin haka suka yi, gida na katako marar nauyi a kan dogayen ƙafafu, rufi mai faɗin baki, tagogi ta ko ina iska na ratsawa, dan a can dare baya yin sanyin da zai huce bango mai kauri, in ka gina irin na Yazd a can zufa zata kashe ka ga fumfuna a bango. Abin lura kenan tun a nan, gargajiya ma ba ɗaya bace, kowacce amsar wani yanayi ce na musamman.

To me zai hana a maimaita kawai? Abu na farko kulawa. Babban masallacin Djenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, yana nan ne saboda duk shekara garin gaba ɗaya ke fitowa a sake yaɓe shi, itatuwan nan da suka fito daga jikin bango ma matakala ce ta masu yaɓe. Ginin ƙasa zalla alkawari ne tsakanin gini da mutanensa cewa za'a riƙa dawowa, kai kuma da zaka gina ka bada haya ko kana aiki a wani gari, wa zai riƙa hawa yana duba tsaga da indararo kafin ruwan farko? Na biyu magina, wanda ya iya aikin da gaske yanzu neman shi ake, wanda bai iya ba kuma in ya taɓa maka rufin ƙasa ka shiga uku. Na uku girgizar ƙasa, a watan Disamba na 2003 girgizar da ta auka wa garin Bam na Iran ta kashe mutum sama da 26,000 kuma yawancin gidajen na tubalin ƙasa ne masu rufi mai nauyi da babu abin da ya ɗaure su, a 2023 ma ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko sun ga irin haka. Duk inda ƙasa ke motsi, maimaita tsohon gini ba tare da injiniya ya saka masa ɗauri ba ganganci ne komai kyansa.

Amma labarin da yafi koya wa mutum hankali a wannan ɓangaren shi ne na Hassan Fathy, mai zanen gine-gine na Masar. A tsakiyar shekarun 1940 gwamnati ta bashi aikin gina sabon ƙauye kusa da Luxor dan a tashi mutanen ƙauyen Gourna da ke zaune a kan kaburburan zamanin Fir'aunoni. Fathy mutum ne mai kishin talaka, ya ƙi siminti da ƙarfe, ya ɗauko magina daga yankin Nubiya da suka iya rufin baka da ƙubba na tubalin ƙasa ba tare da katakon tallafi ba, ya zana masallaci da kasuwa da gidan wasa, ya yi ƙoƙarin zana kowane gida daidai da iyalin da zai zauna ciki. Hotunan har yau in ka gani sai ka tsaya. Amma mutanen da aka yi dominsu yawancinsu suka ƙi komawa, aikin ya tsaya ba'a kai ko rabi ba. Dalilan suna da yawa, abincinsu yana can tsohon wurin, kuma ba su suka nemi a tashe su ba, sannan ƙubbar nan da Fathy ke gani a matsayin gado su a wajensu tafi kama da abin da ake ɗorawa a kan kabari, ba salon yankinsu bane ma, daga kudu aka kawo shi. Daga baya ruwan ƙasa ya taso da gishiri ya ci gindin bangaye, da yawa daga waɗanda suka zauna suka rushe suka ɗora na kankare. Ban faɗi wannan dan in rage masa daraja ba, kusan duk wanda ke ginin ƙasa na zamani a yau ya sha daga rijiyarsa. Abin da nake so a gani shi ne kayan gini na gida da siffa ta gargajiya basu isa su sa gini ya zama na mutanen wuri ba in ba'a tambaye su yadda suke so su rayu ba.

Na uku ba zan daɗe a kansa ba dan ni gaskiya shi nafi rainawa. Akwati ne na bulo da gilashi, a ciki zafi kamar na farko, sai a zo ƙarshe a ɗora masa ƴar ƙubba ta roba ko a zana wani tambari na gargajiya a saman ƙofa a shafa fenti ruwan ƙasa ace an raya al'ada. Otal-otal da ofisoshin gwamnati sun fi kowa wannan. Ka biya kuɗin ado, ka biya kuɗin esi, kwalliya bata biya kuɗin sabulu ba. Inda kawai zan ɗaga masa ƙafa shi ne idan adon yana aiki, misali tagar katako ko ta bulo mai huji-huji irin wadda Larabawa ke kira mashrabiya, tana tare rana, tana barin iska, na ciki yana ganin waje na waje baya ganinsa, wannan ta wuce ado. Ko a nan ma a yi hattara da son burgewa, cibiyar al'adun Larabawa da Jean Nouvel ya zana a Faris aka buɗe a 1987 an yi mata mashrabiya ta ƙarfe mai inji da ke buɗewa da rufewa da kanta gwargwadon haske, abin sha'awa, amma injinan suka riƙa lalacewa suka daɗe a tsaye kafin a gyara. Ta katako da kafinta ya sassaƙa babu abin da zai tsaya a jikinta.

Sai na huɗu. Bambancinsa da na biyu shi ne baya tambayar yaya ginin kakanni yake a ido, yana tambayar wace matsala suke warwarewa da suka yi shi haka, sannan ya warware ta da abin da ke hannu yau, ko ƙasa ce ko kwano ko kankare ko duka a haɗe. Misalin da yafi fito da wannan fili shi ne makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso da Francis Kéré ya gama a 2001 tun yana ɗalibi a Balin. Ajujuwa uku ne a jere, tsakaninsu fili mai rufi da yara ke zama. Bangon na bulon ƙasa ne da aka ɗan haɗa da siminti aka matse a inji. Rufin kwano ne, eh kwanon nan dai da kowa ke kuka da zafinsa, amma bai zauna a kan bango ba, an ɗaga shi sama a kan ƙarafan rodi da aka yi wa walda a wurin, a ƙarƙashinsa akwai silin na bulon ƙasa, tsakanin silin da kwano iska ce ke wucewa ba tsayawa, zafin da kwanon ya ɗauka tana kwashe shi kafin ya sauko kan yara, iskar aji mai zafi tana tashi ta fice ta sama, mai sanyi tana shigowa ta tagogi. Kuma kwanon ya zarce bango sosai ta kowane gefe, saboda haka ruwan sama baya dukan ƙasar, wato matsalar yaɓe duk shekara an kashe ta. Mutanen ƙauyen ne suka tara duwatsun harsashi suka ɗebo ruwa suka koyi aikin, in wani abu ya lalace sun san yadda aka yi shi. Babu wani gini a tarihin Gando da yayi kama da wannan, amma duk wanda ya gani ya san ba za'a ɗauke shi a kai wani wuri ba. Ginin ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, Kéré kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022.

A Dhaka ta Bangaladash, Marina Tabassum ta gina masallacin Bait Ur Rouf a 2012 a unguwa mai cunkoso da ambaliya. Filin bai daidaita da alƙibla ba, maimakon ta karkatar da ginin gaba ɗaya ta ɓata titi, sai ta bar bangon waje ya bi layin titi ta juya ɗakin sallar kaɗai a ciki da digiri 13, guraben da suka rage a kusurwoyi suka zama hanyar haske da iska. Jan bulo ne tsirara irin wanda yankin Bengal ya daɗe yana gina masallatai da shi, an ɗaga dandamalin sama saboda ruwa, babu ƙubba babu hasumiya, alƙibla wata siririyar tsaga ce ta haske a bango. Wannan shi ne fili ya faɗa maka abin da zaka yi. Kuma hanyar bata tsaya ga ƙananan gine-gine ba, tashar alhazai ta filin jirgin Jidda da aka buɗe a 1981 rumfuna ce guda 210 masu siffar tanti, na wani yadi mai ƙarfi da ke mayar da yawancin zafin rana, gefe a buɗe, kowace rumfa da rami a ƙololuwa da iska mai zafi ke fita, dan masu zanen sun lissafa cewa rufe wuri mai wannan girman a saka masa esi saboda dubban mutane na ƴan makonni a shekara ba abu ne mai yiwuwa ba. Tantin Balarabe ne a dabara, amma babu gashin raƙumi ko ɗaya a jikinsa. A Ningbo ta Sin kuma Wang Shu da Lu Wenyu suka gina gidan tarihi a 2008 suka lulluɓe bangonsa da tsofaffin bulo da fale-falen rufi da aka kwaso daga ƙauyukan da aka rushe a yankin, da irin jerin da magina na wurin suka saba yi. Glenn Murcutt na Ostareliya shi ma da kwano yayi suna, dan a can kwano shi ne gadon manoma.

Yanzu ga inda wannan hanyar ke ciwo. Tana cin lokaci kafin a fara, mai zane na ƙwarai zai so ya ga filin da safe da yamma, in da hali ya ganshi bayan an yi ruwa, zai sa a haƙa a gwada ƙasa, zai zauna da kai da iyalinka yana tambayoyin da zaka ji kamar sa ido ne, ina ake girki, baƙo ina yake tsayawa, wa ke kwana a waje lokacin zafi. Kuɗin zanensa yafi na mai kwafa, kuma dole ya riƙa zuwa wajen aikin dan birkila da bai taɓa ganin irin zanen ba zai gyara maka shi zuwa abin da ya saba, ka dawo ka tarar ya toshe ramin iskar da aka bari da gangan yana cewa ai mantuwa aka yi. Bulon ƙasa da ake matsewa yana son a gwada ƙasar tukuna, a auna simintin da ake zubawa wanda yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne, a barshi ya yi kusan sati huɗu yana ƙwari a lulluɓe, in aka yi gaggawa ko aka ɗebo ƙasar da bata dace ba an gudu gara an faɗa gidan zago. Akwai wuraren da dokar gini da bankuna da kamfanonin inshora basu san shi ba sai an sha fama. Sannan akwai haɗarin mai zane da ya ɗauki filinka wurin nuna bajinta. Gidan Fallingwater da Frank Lloyd Wright ya zana a shekarun 1930 a Pensilbaniya ta Amurka a kan wata magangarar ruwa, shi ake fara kawowa misali in ana maganar gini ya haɗu da wurinsa, amma ya sha fama da yoyo da danshi, barandunsa da suka miƙe a kan ruwa suka riƙa sunkuyawa har sai da aka ɗaure su da wayoyin ƙarfe a 2002. Waɗanda aka gina wa shi attajirai ne, kai fa?

Wani tarko kuma shi ne a mayar da na huɗun ya koma na farko, wato a ga hoton Gando ko na Eastgate a kwafa. Eastgate cibiyar kasuwanci da ofisoshi ce a Harare da Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, da dare fankoki ke tura iska mai sanyi ta cikin kankaren benen ya adana ta ya sake ta da rana. Yana aiki ne dan Harare tana kan tudu kusan mita 1,500 kuma darenta na yin sanyi sosai. Ka kai shi garin bakin teku da dare da rana duk ɗaya ne a ɗumi, babu sanyin da zai adana.

To wa ya kamata ya zaɓi wanne? In ɗakunan haya ko shaguna zaka yi a fili shimfiɗaɗɗe kuma kuɗin a ƙirge suke, ɗauki zanen da aka saba da shi, babu laifi, amma ka biya wani ya zauna da shi kwana biyu ya daidaita shi da filin, dan mafi yawan amfanin na huɗu ana samunsa ne daga abubuwan da basu da tsada. A ƙasa mai zafi a juya ginin dogayen bangayensa su kalli arewa da kudu, gajerun su kalli gabas da yamma, dan ranar tsaka da ke sama baranda ko bakin rufi na tare ta cikin sauƙi amma ta la'asar da ke zuwa a kwance babu abin da ke tare ta sai bango ko bishiya. A tura banɗaki da sito da matakala ɓangaren yamma su sha ranar a madadin ɗakin kwana. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu, a ɗaga silin, a bar wa zafin cikin rufi hanyar fita, rufin ya zama mai haske ba baƙi ba, baƙin kwanon nan da ake yayi ban san wa ya fara kawo shi ƙasar zafi ba. A ƙasa mai sanyi kuma a juya lissafin. Wannan kaɗai ya raba gida da gida.

In a cikin tsohuwar unguwa mai tarihi kake, ko gyaran tsohon gini ne, to nan na biyu ke da ƙarfi, ka bi tsayin maƙwabta da kayan da aka yi ginin da su, kuma kar ka yarda a shafe bangon ƙasa da filastar siminti da sunan ƙarfafa shi, siminti baya barin danshi ya fita, sai ya taru a ciki bangon ya ruɓe a ɓoye filastar ta ɓalle da shi. A garin Dandaji na Nijar da ake shirin rushe tsohon masallacin ƙasa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gyara shi ya zama ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa da aka matse, aka gama a 2018, kaga an haɗa na biyu da na huɗu a fili ɗaya kowanne a inda ya dace.

In kuwa gidan da zaka zauna ne har tsufa, ko makaranta ko asibiti ko wurin ibada da jama'a zasu yi shekara hamsin suna shiga kuma babu tabbacin za'a iya biyan kuɗin sanyaya shi kullum, na huɗu ne, ko da zai sa ka rage girman ginin ko ka yi shi kashi-kashi. Wajen zaɓen mai zane kar ka tsaya kan hotunan kwamfuta da zai nuna maka, waɗannan kowa ya iya. Ka tambaye shi daga ina iska ke zuwa filin nan lokacin zafi, ina ruwan rufi zai bi har ya fita titi, wace bishiya zai bari, ɗakin nan yaya zai kasance da ƙarfe uku na rana in babu wuta, wa zai gyara rufin in ya shekara goma kuma a ina za'a samo kayan. In ya fara amsa maka bai taka filin ba, nemi wani. In ya amsa da kyau, ka roƙe shi ya kai ka wani gini da yayi wanda ya kwana biyu, aƙalla ya ga damina uku ko huɗu, ka je da tsakar rana, ka duba gindin bango da kusurwar silin ko akwai tabon ruwa, sannan ka ja mai gadin ko matar gidan gefe ka tambaye su wane ɗaki ne basa iya zama a ciki.